George Lucas da masoyan Star Wars: gyara ya yi ko ɓarna?

Nura: Assalamu alaikum 'yan zaure. Duk inda masoyan Star Wars suka taru, sunan George Lucas, wanda ya ƙirƙiro fina-finan, ne ke fara tayar da ƙura. Mutum ɗaya zai ce maka babu kamarsa a harkar fim, kafin a tashi kuma ya ce shi ya lalata fim ɗin da hannunsa. Har shirin dokumentari aka yi a kan wannan rigima a 2010. Ina roƙon masana su warware mana: me ya yi takamaimai? A kawo shekara, a kawo fitowa, a bar zagi.

Malam Sani: Wa'alaikumus salam, Nura. Sai ka san dalilin son kafin ka gane haushin. Fim na farko ya fita ranar 25 ga Mayu, 1977, a gidajen sinima 32 kacal, domin su kansu 20th Century Fox ba su sa ran zai ci kasuwa ba. An kashe masa wajen dala miliyan 11. A lokacin babu kamfanin da zai iya ɗaukar yaƙin jiragen sararin samaniya yadda Lucas yake so, sai ya kafa nasa kamfanin siddabarun fim a 1975, wato ILM. A can John Dykstra ya haɗa kyamarar da kwamfuta ke tuƙawa, ta maimaita tafiya ɗaya sak ko sau nawa ake so. Jirgin ɗan ƙaramin samfuri ne a kafe gaban shuɗin ƙyalle, kyamarar ce ke shawagi, mai kallo ya ga kamar jirgin ne ke gudu. Daga gidan Lucas THX, ma'aunin ingancin sautin sinima, ta fito a 1983, kuma sashen kwamfutarsa ne Steve Jobs ya saya a 1986 ya zama Pixar, kamfanin fina-finan katun na kwamfuta. Wannan bashi ne da duk mai kallon fim yake ɗauke da shi.

Haushin ya soma ne a 1997. Don cikar shekara 20, ya sake fitar da fina-finan uku na farko, na 1977 da 1980 da 1983, a sinima, ya ƙara musu siddabarun kwamfuta, ya canza wasu fitowa. Ya sake taɓa su a DVD na 2004, ya ƙara a Blu-ray na 2011, sannan wanda ya hau Disney+ a 2019 ma da nasa canjin. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya ƙona ran mutane shi ne ya janye na asalin daga kasuwa, ya ce wanda ya gyara shi ne fim ɗin.

Auwal: Malam, da girmamawa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin nan da kuɗinsa da bashin banki ya yi fim na biyu a 1980, don kada kowa ya juya shi. Ya sha faɗa cewa na 1977 bai kai abin da ke kansa ba, lokaci da kuɗi ne suka ƙare. Da ILM ta yi dabbobin Jurassic Park a 1993 ya ga kwamfuta ta kai, sai ya koma ya ƙarasa aikinsa. Ina laifi?

Kuma wane ne ma "na asali"? A 1977 ɗin kanta sauti iri uku aka haɗa: na Dolby mai layi biyu, na 70mm mai layi shida, da mai layi ɗaya don ƙananan sinimomi. A na ƙarshen har muryar Beru, matar kawun Luke, jarumin fim ɗin, ta bambanta, kuma akwai maganganun da babu su a sauran biyun. Lambar Episode IV da sunan A New Hope sai a 1981 aka liƙa su a rubutun farkon fim. Tun ranar farko ake taɓa fim ɗin nan, babu wanda ya yi kuka.

Bilkisu: Auwal, gyara iri-iri ne. Akwai wanda yake share datti, akwai wanda yake canza halin mutum. Ɗauki fitowar mashaya ta Mos Eisley. Greedo, mai farautar mutane don lada, ya ritsa ɗan fasa-ƙwauri Han Solo da bindiga, suna zaune tebur ɗaya ne tsakaninsu. Han yana jan sa da hira, hannunsa ɗaya yana wasa da bango don ɗauke masa hankali, ɗayan yana ƙarƙashin tebur yana zare bindiga. Ya harba, Greedo ya kife a kan tebur, Han ya jefa wa mai mashaya kuɗi ya fita. A na 1977 Greedo bai harba ko ɗaya ba.

Me wannan fitowar take yi wa labari? Tana gaya maka cewa ɗan fasa-ƙwaurin da Luke da malaminsa Obi-Wan suka ɗauka haya mutum ne mai hatsari, kansa kawai ya sani. Shi ya sa idan ya karɓi ladansa ya tafi kafin yaƙin ƙarshe ka yarda ya tafi ke nan, idan kuma ya dawo ya ceci Luke sai ka ji abin har cikin ƙirji. A 1997 aka sa Greedo ya fara harbi ya kuskure, daga tazarar da ko makaho ba zai kuskure ba. A 2004 aka matso da harbin biyu kusan lokaci ɗaya, aka karkatar da kan Harrison Ford, mai fitowa a Han, da kwamfuta kamar yana gocewa, wuyan ya fita a karye. A 2011 aka yanke 'yan firem. A 2019 aka sa Greedo ya furta wata kalma, "maclunkey", kafin harbin. Sau huɗu ana ɗinkin wuri ɗaya, kuma har yau ɗinkin bai kama ba, domin tun farko ba a ɗauki fitowar don harbi biyu ba. Babu hoton da zai ba ka wannan, sai dai a murɗa wanda ake da shi.

Auwal: Amma ya faɗi dalilinsa, Anti. Ya ce ba ya son yara su ɗauki Han a matsayin mai kisa da gangan.

Bilkisu: Wanda aka ɗora wa bindiga a ƙirji aka ce masa yau kwanansa ya ƙare, in ya riga harbi ai kare kai ya yi. Fitowar ba ta buƙatar wanki.

Fitowar Jabba, uban 'yan daban da ke bin Han bashi, ta fi wannan nuna matsalar. An ɗauke ta a 1976 da ɗan wasa Declan Mulholland sanye da riga mai gashi, aka cire ta wajen tacewa, aka zuba bayanin da ke cikinta a bakin Greedo. Da aka dawo da ita a 1997, sai ga Han yana maimaita uzurin zubar da kayan da ya yi, kusan kalma da kalma, 'yan mintuna bayan mun ji shi. Na biyu, tana nuna jirgin Han, Millennium Falcon, kafin Luke ya gan shi, alhali an tsara a fara ganinsa ta idon Luke. Na uku, Ford ya zagaya ta bayan Mulholland a ɗaukar asali, shi kuwa Jabba na kwamfuta yana da jela, sai aka ɗaga hoton Han sama kamar ya taka jelar, Jabba ya yi ƙara. Uban 'yan daban da ake tsoro a fim na 1983 ya koma wanda ake takawa a wuce. Masu tace fim ɗin sun san abin da suke yi da suka cire ta. Marcia Lucas, matar Lucas a lokacin, da Paul Hirsch da Richard Chew sun ci Oscar a kan wannan tacewar.

Injiniya Kabiru: Bari in shiga ta ɓangaren kayan aiki, domin akwai inda Auwal yake da gaskiya, ba a kuma cika faɗa ba. A tsakiyar shekarun 1990 da aka buɗe gwangwanayen negatif ɗin fim na farko, wato asalin fim ɗin da ake buga kwafi daga gare shi, an same shi a mummunan hali. Fim mai launi na Kodak na wancan zamani rini uku ne a jere: ruwan ɗorawa, shuɗi mai haske, da ja mai ratsin shunayya. Biyun farko sun fi saurin koɗewa, shi ya sa tsohon kwafi yake komawa jaja-jaja. Wuraren siddabaru sun fi lalacewa, saboda an buga su a kan wani nau'in fim na tsaka-tsaki da ake kira CRI, wanda bai da ƙarko ko kaɗan. Ga datti da ƙarzuwa saboda yawan buga kwafi. Da an bar shi, da an yi asara.

Sannan yadda ake haɗa siddabaru a da yana da nasa aibu. Jirgi daban ake ɗauka, taurari daban, harbi daban, a haɗa su a injin buga hoto ɗaya bayan ɗaya. Duk bugu ɗaya yana ƙara tsakuwa a hoton yana rage kaifi, shi ya sa ILM ta yi amfani da VistaVision mai huda takwas a kowane firem maimakon huɗu, don a sami faɗin da zai jure bugun. Duk da haka baƙin layi yana fitowa a gefen abin da aka liƙa. A yaƙin ƙanƙara na fim na biyu, don a ɓoye layin nan a kan farin fili, sai aka rage kaurin hoton jiragen, har kana iya hango waje ta jikin ƙarfen ɗakin matuƙi. A kaset kuma za ka ga akwatuna masu ɗan haske suna bin jiragen yaƙin abokan gaba, TIE, a sararin samaniya. A 1997 aka ɗauko guntayen asali aka sake haɗa su a kwamfuta, waɗannan suka ragu sosai. Wannan gyara ne na gaske, kuma da wuya ka ji wanda ya yi ƙorafi a kansa.

Inda aka ɓata shi ne da aka yanka negatif ɗin asali aka jera shi bisa sabon tsari. Ka'idar masu adana fim ita ce ka fara ceto abin yadda yake, ka ajiye, sannan ka yi sabon naka a kan kwafi. Nan aka yi aikin biyu a jiki ɗaya.

Nura: Injiniya, to ai na ga ana cewa an fitar da na asalin a DVD. Ba haka ba ne?

Injiniya Kabiru: An fitar a Satumba 2006, a matsayin faifai na biyu na kyauta, na ɗan lokaci. Amma duba abin da aka zuba a ciki. Ba a koma kan fim an sake ɗauka ba, tsohon kwafin bidiyon da aka yi don faifan LaserDisc, wanda ya riga DVD, a 1993 aka ɗora. Hoton yana cikin akwatin tsohuwar talabijin mai 4:3, da baƙi sama da ƙasa. Yi lissafi: DVD na Amurka layi 480 ne. Fim mai faɗin 2.35 a cikin akwatin 4:3 yana samun layi wajen 272 ne kawai. Da an matse shi yadda ake yi wa kowane DVD na lokacin don faffaɗar talabijin, da ya sami wajen 363. A talabijin ta zamani sai ka ga ɗan hoto a tsakiya, baƙi ya kewaye shi ta ko'ina. Ga kuma na'urar rage tsakuwa ta 1993 da ke barin inuwa a bayan duk abin da ya motsa da sauri. Masoya sun ɗauki wannan a matsayin an ba su don a rufe musu baki.

Shi kansa DVD na 2004 da aka kashe wa kuɗi bai tsira ba. An yi shi a hoto mai layi 1080, an yi gaggawar daidaita launi. Baƙi ya cinye bayanan da ke cikin duhu, shuɗi ya rinjayi hoton, takobin hasken Luke ya koma kore a wani wuri cikin Falcon alhali shuɗi ne, na mugun fim ɗin, Vader, ya koma ruwan hoda a wurare. A fim na farko har kiɗan lasifikan baya aka juya, na dama ya koma hagu. Garin neman gira aka taɓa ido.

Barista Hadiza: Ta fuskar doka Lucas bai taka komai ba, gara a faɗi wannan a fili. A Amurka mai haƙƙin mallaka shi ke da ikon canzawa da ikon hana fitarwa. Dokar 1990 da ta ba masu zane da sassaƙa kariya daga a ɓata aikinsu ba ta haɗa da fim ba. Faransa ce ke da wata hanya dabam: a 1991 babbar kotunsu ta ba magadan darakta John Huston gaskiya a kan nuna fim ɗinsa da aka shafa wa launi. Amma ko a can marubuci da darakta ake karewa, mai kallo ba shi da ƙara.

Abin da ake riƙe Lucas da shi maganarsa ce. A Maris 1988 ya je gaban Majalisar Dokokin Amurka, lokacin ana rigimar shafa wa tsofaffin fina-finai launi. Ya yi gargaɗi cewa fasaha za ta kai inda za a iya sauya fuskar ɗan wasa, kuma tsofaffin negatif za su iya ɓacewa a maye gurbinsu da waɗanda aka canza, ya ce wannan asara ce ga tarihin al'umma. A shekarar aka yi dokar da ta kafa rajistar fina-finan ƙasa, kuma Star Wars yana cikin 25 na farko da aka zaɓa a 1989.

Auwal: Barista, a karanta jawabin gaba ɗaya. Kamfanonin da ke sayen fim su canza ba da yardar mai shi ba yake yaƙa. Matsayinsa bai taɓa sauyawa ba: mai aiki shi ke da ikon aikinsa. Ko a Cannes a 2024, da aka ba shi lambar girmamawa, abin da ya maimaita ke nan.

Barista Hadiza: Na yarda, kuma nan ne hujjar take juyowa kansa. Wane ne mai aikin? Irvin Kershner ne daraktan fim na 1980. Richard Marquand ne na 1983, kuma ya rasu a 1987, shekara goma kafin a fara taɓa fim ɗinsa. Sebastian Shaw, wanda ya fito a matsayin Anakin, mahaifin Luke, a tsufansa, ya rasu a 1994. A 2004 aka goge shi daga fitowar ƙarshe inda kurwoyi uku suke tsaye, aka sa Hayden Christensen, wanda ya fito a Anakin saurayi a sababbin fina-finan. Aka cire muryar Jason Wingreen daga bakin Boba Fett, mai farautar Han, aka sa ta Temuera Morrison. Aka cire mugun Sarkin daular da Clive Revill ya yi wa murya aka sa Ian McDiarmid. Fim na farko ya ci Oscar shida, har da na siddabaru, ga ta musamman da aka ba Ben Burtt a kan sauti. Wani ɓangare na aikin da aka ba Dykstra da abokansa kyauta a kansa an maye shi da na kwamfuta. Ɗalibin da yake son ya ga abin da ya ci kyautar nan a 1978, ina zai je?

Kuma akwai mafita mai sauƙi da wasu suka bi. Blade Runner ya fito a 2007 da siga biyar a akwati ɗaya. Spielberg ya mayar da bindigogin jami'ai rediyon hannu a E.T. a 2002, daga baya ya ce ya yi nadama, ya dawo da na asali. Babu wanda ya hana Lucas nasa gyaran. A ajiye biyun gefe da gefe kawai ake roƙo.

Bilkisu: A ƙara da na 2011 a fim na uku. Sarki yana azabtar da Luke da wuta, Vader, wato Anakin mahaifin Luke, yana tsaye, ya dubi ɗansa, ya dubi ubangidansa, ya sake duban ɗansa. Fuskar ƙarfe ce, ba ta motsi, amma kiɗan John Williams da juyin kan nan sun isa ka karanta duk abin da ke zuciyarsa. Shirun shi ne fitowar. Sai aka sa masa ihun "a'a" har sau biyu. Wannan ya fi na Greedo ciwo a wurina, domin ya nuna rashin yarda da mai kallo.

Musbahu: Yayyena, ku yi haƙuri, akwai rabin labarin da ba a taɓo ba. Waɗanda suka taso da fina-finan 1999 da 2002 da 2005, masu ba da labarin abin da ya faru kafin na 1977, ba su ga abin da manya suka gani ba. Wanda yake ɗan shekara 8 a 1977 ya kai 30 a 1999. Ya shiga sinima yana neman abin da ya ji yana yaro, aka ba shi fim ɗin da aka yi don yaran lokacin. Lucas ya sha cewa 'yan shekara 12 yake yi wa fim. Kuma labarin da ya bayar ba ƙarami ba ne: yadda jamhuriya take miƙa kanta ga mai mulkin kama-karya da ƙuri'ar majalisa, ana tafi. Ya ƙirƙiro duniyoyi sababbi, jirage sababbi, bai maimaita na da ba. Maganar cewa komai kwamfuta ce ma ba daidai ba ce, an gina ƙananan samfura masu yawan gaske a The Phantom Menace, wato na 1999, har filin tseren da ke cikinsa da 'yan kallonsa.

Malam Sani: Musbahu, ƙashin labarin yana da kyau, naman ne bai nuna ba, kuma dalilin a bayyane yake. A 1977 Lucas yana kewaye da masu iya ce masa a'a. Tacewar farko ba ta yi ba, aka sallami mai tacewar, John Jympson, aka sake gini. Gary Kurtz yana furodusa. A na biyu Leigh Brackett ta fara rubutu, Lawrence Kasdan ya ƙarasa, Kershner ya zauna da 'yan wasa. Kurtz ya tafi bayan 1980, auren Lucas da Marcia ya mutu a 1983. Da ya dawo kujerar darakta a 1999, shekara 22 rabonsa da ita, shi ne marubuci, shi ne darakta, shi ne mai kuɗi, shi ne mai kamfani. Ron Howard ya faɗa cewa Lucas ya nemi shi da Spielberg da Robert Zemeckis su ba da umarni, duk suka ce ya yi da kansa.

Sakamakon yana kan allo. Mutum biyu suna zaune ko suna tafiya a hankali gaban shuɗin ƙyalle, kyamara ɗaya nan ɗaya can, suna faɗin abin da ke ransu ƙarara. Sai kuma batun midi-chlorian, wasu ƙananan halittu da labarin ya ce suna cikin jiki. A 1980 Yoda, tsohon malamin jaruman da ake kira Jedi, ya bayyana ƙarfin ɓoye da suke amfani da shi, the Force, a matsayin abin da ke kewaye da kowane mai rai, har dutse da itace. A 1999 aka ɗebi jinin Anakin yana yaro aka auna, aka ce midi-chlorian ɗinsa sun haura 20,000. Abin da yake na imani da horo ya koma na gwajin asibiti. Tun a 2000 zuwa 2001 wani mai tace fim, Mike J. Nichols, ya rage wajen minti 18 daga fim ɗin 1999, har da wuraren Jar Jar, ɗan barkwancin da aka yi da kwamfuta, kwafin ya yi ta yawo hannu da hannu.

Injiniya Kabiru: A kan na 2002 akwai abin da ya jawo wa kansa. Ya ɗauke shi da kyamarar dijital ta Sony, F900, don ya tura masana'antar gaba, kuma ta bi shi. Amma kaset ɗin kyamarar, HDCAM, yana ajiye 1440 a 1080 ne, da launi a matse, sannan a yanke sama da ƙasa don faɗin sinima, a tsira da layi wajen 800. Fim ɗin 35mm na 1977 ana iya sake ɗaukarsa a 4K a sami ƙarin bayani. Na 2002 iyakarsa ke nan har abada, duk 4K da aka sayar maka nasa faɗaɗawa ce.

Zainab: Ina son a faɗi laifin masoya ma, don ba Lucas kaɗai ya yi ɓarna ba. Jake Lloyd, wanda ya fito a Anakin a na 1999, yaro ne ɗan ƙasa da shekara 10 lokacin da aka ɗauki fim ɗin, aka yi ta yi masa ba'a har ya bar harkar. Ahmed Best, wanda ya yi Jar Jar, ya bayyana a 2018 cewa tsangwamar ta kai shi ga tunanin kashe kansa. Mutumin nan yana cikin na farko da suka yi wasan da kwamfuta ke bin motsin jikinsu a babban fim, aikin da aka ba shi ya yi. A Janairu 2012 Lucas ya gaya wa New York Times cewa bai ga dalilin ƙara yin wani ba tunda kullum zaginsa ake yi. Ranar 30 ga Oktoba na shekarar aka sanar ya sayar da Lucasfilm ga Disney a kan dala biliyan 4.05.

To me ya biyo baya? Ya miƙa musu tsarin labarin fina-finai uku na gaba, suka ajiye shi gefe. Bob Iger, shugaban Disney a lokacin, da kansa ya rubuta a 2019 cewa Lucas ya ji an ci amanarsa. A 2014 aka cire littattafan da masoya suka shekara fiye da 20 suna bi daga cikin labarin hukuma. The Force Awakens na 2015 ya haura dala biliyan 2, amma ƙorafin da aka yi shi ne ya bi sawun na 1977 taku da taku, wanda shi ne abin da Lucas ya ƙi yi. Na 2017 da na 2019 kowanne ya ja nasa ɓangare saboda babu tsari ɗaya tun farko. Kelly Marie Tran, 'yar wasa a na 2017, ta goge hotunanta na Instagram a 2018 saboda cin zarafi, ka ga halin bai tafi da tafiyar Lucas ba. Yanzu kuma bakunan da suka kore shi su ne ke kiran ya dawo. Best ma sai a 2023, da ya fito a matsayin Jedi a shirin talabijin na The Mandalorian, aka yi masa tafin da ya kamata tun 1999.

Auwal: Wannan ita ce maganata tun farko, Zainab. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Bilkisu: Kewarsa ba ta wanke Greedo ba, Auwal. Ana iya riƙe biyun.

Nura: Na gode ƙwarai. Tambaya ta ƙarshe mai amfani: wanda bai taɓa kallo ba, ta ina zai fara, kuma wace siga?

Malam Sani: Ya bi yadda suka fito: 1977, 1980, 1983, sannan 1999, 2002, 2005. In ya fara da lamba ɗaya, babban sirrin fim na 1980 ya tashi a banza, haka mamakin gano wane ne Yoda. Sai dai ka gaya masa tun wuri cewa saurayin da zai gani cikin kurwoyi a ƙarshen na 1983 Anakin ne, domin a sigar da ke kasuwa ba zai gane shi ba.

Injiniya Kabiru: Game da siga, wanda ke Disney+ da faifan 4K shi ne mai duk canje-canjen, amma launinsa ya fi na 2004 da 2011 daidaito nesa ba kusa ba. Na asali kuwa masoya ne suka ɗauki nauyinsa. Petr Harmáček, malamin Turanci daga ƙasar Czech, ya fara fitar da nasa a 2011. Ya ɗauki hoto mai kaifi na sabuwar siga a matsayin tushe, duk inda aka ƙara wani abu sai ya yanke shi firem bayan firem, ya cike gurbin da DVD na 2006 da aka faɗaɗa ko hoton fim na 35mm, ya daidaita launi. Aibinsa shi ne kaifin hoto yana hawa yana sauka a wuraren da aka yi faci. Wata ƙungiya mai suna Team Negative 1 ta bi wata hanya: ta samo kwafin sinima na gaske, ta ɗauke shi a 4K, ta share datti. Fim mai minti 121 a firem 24 kowace daƙiƙa ya haura firem 174,000. Nasu na fim na farko, 4K77, ya fito a 2018, kuma kusan dukkansa daga kwafin Technicolor ɗaya ne. Za ka ga tsakuwa da ɗan rawar hoto, domin abin da majigi ya haska a 1977 ke nan.

Barista Hadiza: A sani dai waɗannan ba su da izinin mai haƙƙi. Ka'idar masu yin su ita ce ba a sayarwa, kuma sai wanda ya mallaki na hukuma, amma wannan ladabi ne tsakaninsu, doka ba ta san shi ba. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi ya ba ka, cutarka zai yi.

Injiniya Kabiru: Haka ne. Dalilin da ya sa ake farautar kwafin Technicolor shi ne yadda aka buga shi: rini uku ake dannawa a kan fim ɗaya bayan ɗaya kamar hatimi, kuma wannan rinin ba ya koɗewa irin na Kodak. Amurka ta daina wannan bugun kafin 1977, Landan ce ta ci gaba, shi ya sa 'yan kwafin da ake da su na Ingila ne. Ɗaya daga cikinsu yana ma'ajiyar BFI, cibiyar fina-finai ta Birtaniya, inda ake ajiye fim a sanyin digiri 5 ƙasa da sifili. A Yuni 2025 aka fito da shi aka haska a Landan da izinin Lucasfilm, Kathleen Kennedy, shugabar kamfanin a lokacin, ta tsaya gaban jama'a ta gabatar da shi. Rubutun farkonsa ba shi da lambar Episode IV, kuma a mashaya Han kaɗai ne ya harba.